Kofi Ɗaya, 'Yan Biyu

Madabo, Kano.
6 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Saliyo. Yaya ruwan saman da ka ce ba ya ɗaukewa? Yaya ƙafar nan taka mai ciwo? Mu nan lafiya lau. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce kullum kana cikin addu'arta.

Ka dai ji an rantsar da farar hula. Ranar mun taru a ɗakin Gwaggo muna sauraron rediyo, ana ta cewa sojoji sun koma bariki. Na ce to ni nawa sojan ko barikin bai iso ba, balle gida. Gwaggo ta harare ni, wai ba ni da kunya. Ni kuwa kunyar ce ta sa sai a takarda nake iya gaya maka cewa na gaji da rashinka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne darar Turawan nan da ka koyo a bariki, ces, wadda ka bar wa yara allonta. Kai ka jawo mana. Hassana da Husaina sun ɗauki allon sun kai makarantarsu ta Ƙofar Na'isa, malamin lissafinsu, Malam Abdulhakeem, ya gan su, ashe shi ma gwani ne. Yanzu ya tara 'yan mata yana koya musu bayan an tashi. Na tambayi limamin layinmu, ya ce a littattafai ana kiranta shaɗranji, malamai sun yi saɓani a kanta, shi dai sharaɗinsa kada a sa caca, kada kuma ta hana salla. Wannan ya wuce.

To, ka san Hajiya 'Yardada, mai sayar da kwanuka da robobi a Ƙofar Wambai. Ita ce ta ji labari ta ce za ta sa kyauta don 'yan mata 'yan ƙasa da shekara sha huɗu na makarantun cikin gari da kewaye. Wadda ta zo ta ɗaya za a ba ta kofi, Hajiya za ta ɗauki nauyin karatunta har ta gama sakandare, sannan a kai ta Kaduna gasar yara ta ƙasa. Yarinya ɗaya tak.

Wannan ɗayan shi ne ya tayar da hankalin Gwaggo. Kai ta raina, ka fi ni sanin dokarta. Tun ranar suna ba a taɓa shigo wa yaran nan da abu guda ɗaya tak ba, sai dai biyu. Takalmi iri ɗaya, ɗankunne iri ɗaya, ko rake ne sai an raba gaɓa da gaɓa. Kwanon abinci kaɗai suke tarayya a kai. Ta ce 'yan biyu ba a bambanta su, in aka ba ɗaya aka hana ɗaya tukunya za ta ƙi tafasa, kunama ta cika gida, kuma akwai abin da ya fi wannan wanda ba za ta ambata ba. Ta faɗi haka ta ja kwanonta ta shige ɗaki ta ci ita kaɗai, kamar yadda ta saba.

Ni dai na ce wa Malam ya sa sunansu duka biyun. Ba don raina Gwaggo ba. Na ga yadda Husaina take zama gaban allon nan har abinci ya huce, idonta na ƙyalli. Ni da aka cire daga makaranta ina aji uku na sakandare, ba zan ga ƙofa ta buɗe wa 'yata in rufe da hannuna ba.

Abokin aikinka Isiyaku ne zai kawo maka wannan in hutunsa ya ƙare. Na haɗa maka da kilishi da yaji. Kada ka rabar duka kamar wancan karon.

Matarka,
Uwani.

*

Madabo, Kano.
25 ga Yuli, 1999.

Baban 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara tsare ku. Mu ma lafiya, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai zan juye wa tunda kai ka koya musu.

An yi wasannin share fage a ɗakin taron makarantarsu. Na je da kaina na zauna a bencin iyaye. Ban san doki daga sarauniya ba sai da wata uwa ta yi ta nuna mini, amma fuskar 'ya'yana ba sai an nuna mini ba. Abin da na lura da shi tun farko shi ne Husaina ba allonta take kallo ba. Ta taɓa nan, ta ɗaga kai ta leƙa teburin Hassana. In Hassana ta ci, ita ma nan da nan sai ta gama da abokiyar wasanta. In Hassana ta tashi da fuska a murtuke, ba a jimawa sai ka ga ita ma an cinye ta. Da aka haɗa su su biyu kuwa, 'yan motsi kaɗan suka yi suka ce sun yi kunnen doki. Aka tashi makinsu ɗaya, da ƙyar suka samu shiga cikin takwas ɗin da za su yi wasan ƙarshe.

Ina murna sun tsallake, sai Malam Abdulhakeem ya same ni a bakin ƙofa, ransa a jagule. Ya ce Husaina ta fi duk yaran da ke ɗakin nan, har shi kansa in bai yi hankali ba takan kayar da shi. Ya ce a wasanta da wata Shamsiyya 'yar Fagge, saura motsi biyu ta kama sarkin yarinyar, sai ta ga Hassana ta faɗi, sai ta ɗauki sarauniyarta ta ajiye a bakin ƙaramin soja aka cinye. Ya ce yaron da ya fara koyo jiya ba zai yi wannan ba. Da gangan ta yi.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Da muka dawo na ja ta bayan ɗakin girki na tambaye ta. Ba ta yi musu ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, in na wuce ta fa wani abu ya same ta?" Ka ji. Yarinya 'yar shekara sha biyu tana yawo da wannan a zuciyarta, mu muna zaune muna yaba musu wai komai nasu ɗaya ne, har sakamakon jarrabawa. Yanzu har sakamakon ma na fara zarginsa.

Gwaggo kuwa da ta ji makinsu ya zo daidai, har sadaka ta bayar. Ta ce ga shi Allah ya nuna mana da kansa. 

Wasan ƙarshe sai an dawo hutu, a watan Oktoba. In Husaina ta ci gaba da wannan, kofin da karatun duk za su tafi Fagge, kuma ba don an fi ta ba. Ka rubuto ka gaya mini ra'ayinka, amma ina gaya maka tun yanzu, nawa na riga na yanke.

Yara suna gaishe ka.

Taka,
Uwani.

*

Madabo, Kano.
29 ga Agusta, 1999.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, mun ji daɗi da muka ji ƙafar ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Yara sun yi ta faɗa a kan wadda za ta riƙe hotonka, har Gwaggo ta karɓe ta sa a ƙarƙashin matashinta, tunda ɗaya ka aiko. Kai ma ka ga ka karya doka.

Na karanta abin da ka ce, in cire su duka biyun a zauna lafiya da Gwaggo har ka dawo. Na san ba ka son ɓacin ranta, ita ta goye ka da mahaifiyarka ta rasu. Ni ma ba na so. Amma ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi ba. Kai da kake can kana raba faɗan mutanen da ba ka haɗa komai da su ba, a gidanka kuma sai ka ce a ja da baya tun ba a fara ba? In na cire su, na gaya wa Husaina ke nan cewa tsoronta gaskiya ne.

Duk da haka na nemi hanyar da kowa zai huta. Gwaggo ta ce in je in roƙi Hajiya 'Yardada ta raba kyautar gida biyu in har ɗaya daga cikinsu ta ci. Na ga kamar shawara ce mai kyau, na saka mayafi na tafi Ƙofar Wambai. Na same ta a rumfarta tsakanin tulin bokitai, tana ciniki tana cin gyaɗa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce a'a, ko kwana-kwana babu.

Ta ba ni labari. Tana yarinya, mahaifinta da abokansa suna dara a ƙofar gida, irin tamu ta ramuka a ƙasa. Ita kuma tana kawo musu ruwa tana kallo, har ta iya. Wata rana abokin babanta ya ce ta zauna su gwada don raha, ta cinye shi a gaban mutane. Da ta shiga gida sai da aka zane ta, wai ta kunyata babba. Ta ce tun daga ranar ta koyi ɓoye abin da ta iya, sai da mijinta ya rasu ya bar mata yara da rumfa babu kaya sannan ta daina. Ta ce, "Uwani, ni ba kofi nake saya ba. So nake yarinya ta ci, ta ɗaga kai, kada ta ba kowa haƙuri. In na raba, me na koya mata?"

Na fito raina a sose, don ba na son a ce mini a'a, ka san halina. Amma kafin in kai gida na gane matar nan abin da ke bakina ta faɗa. Ta bi ni da yaro da atamfa turmi biyu iri ɗaya, wai a ɗinka wa 'yan biyu na ranar wasa, a gaya wa Gwaggo tana gaishe ta. Zane biyu ne, in ji ta, kofi kuwa ɗaya.

Gwaggo ta karɓi atamfar ta yi godiya, amma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. In na kai mata abinci sai ta ce in ajiye a bakin ƙofa. Abin yana damuna ƙwarai, ban taɓa zama da ita haka ba. Ka yi mana addu'a, kada kuma ka yi fushi da ni. In ma ka yi, ka adana shi har ka dawo, na fi son in gan shi a fuskarka.

Matarka mai taurin kai,
Uwani.

*

Madabo, Kano.
19 ga Satumba, 1999.

Baban 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya jama'arka? An ce za a fara dawo da wasunku, Allah ya sa da kai. Mu lafiya. Wannan takardar za ta yi tsawo, ka nemi wuri ka zauna.

Duk wannan lokaci ina ta fama da Husaina, ashe na manta da mutum guda. Malamar Islamiyyarsu ce ta tare ni a gidan suna ta ce tana son magana da ni a kan Hassana. Ta ce yarinyar nan in ta ji aya sau biyu ta zauna mata, ga murya, ga tajwidi, amma da an zo bayar da hadda sai ta tsaya daidai inda Husaina ta tsaya, ta ce ta manta sauran. Ta so ta sa ta a musabaƙa bara, Hassana ta ƙi, wai sai dai in da 'yar'uwarta.

Ka gani? Wannan tana rage tsawonta don waccan, waccan tana rage nata don wannan. Mu kuma muna tafa musu.

Na yi tunani na ga ba ni ce zan warware wannan ba, kuma ba faɗa ne zai warware shi ba. Na aika aka roƙi Malam Abdulhakeem ya zo zaure. Na ce ya jera 'ya'yan darar yadda suke a wasan nan na Shamsiyya kafin Husaina ta ba da sarauniyarta, ya ce yana tune da shi sarai, don abin ya tsaya masa a rai. Na aiki Husaina gidan maƙwabciyarmu Jummai karɓo zare, na kira Hassana na ce ta duba ta gaya mini abin da za ta yi in ita ce mai fararen. Ba ta daɗe ba ta nuna, ta ce ai wannan a fili yake, an ci wasa. Sai Malam ya ɗauki sarauniyar ya ajiye inda Husaina ta ajiye ta, ya gaya mata wasan wa ne, da kuma lokacin da aka yi motsin.

Hassana ba ta yi kuka ba. Ka san ta, irinka ce, fushinta shiru ne. Da aka zuba musu tuwo da yamma, sai ta je ta ɗauko wani kwano ta raba, ta koma gefe. Tunda aka yaye su ban taɓa ganin haka ba. Husaina ta bi ta tana tambayar laifinta. Hassana ta ce ita ba almajirar kowa ba ce da za a riƙa ba ta sadakar wasa, kuma duk cin da ta taɓa yi mata a gidan nan yanzu ba ta san wanne ne nata ba. Ta ce ba za ta sake sa hannu a kwano ɗaya da ita ba sai ranar da ta zauna ta yi wasa da ita da gaske. Ni kuma na sa baki na ce ke ma sai ki daina manta haddar da ba ki manta ba. Ta kalle ni, ta kalli ƙasa.

Gwaggo tana daga ƙofar ɗakinta tana ganin komai. Kwanukan nan biyu sun fi kofin tayar mata da hankali. Washegari da hantsi, yara suna makaranta, ta kira ni ciki, karo na farko cikin makonni. Ban sani ba ko ka san abin da ta gaya mini, ni dai ban taɓa ji ba. Ashe Gwaggo 'yar biyu ce, sunanta na yanka Hassana. Suna ƙanana mahaifinsu ya dawo daga fatauci da awarwaro guda ɗaya, ɗayan ya faɗi a hanya. Ita ya fara gani, ya sa mata. Husainarta ta yi fushi ta ƙi cin abinci da ita a ranar. Kwana kaɗan baƙon dauro ya shigo unguwa ya kama su duka biyun, ita ta tashi, 'yar'uwar ba ta tashi ba. Manya suka ce awarwaron ne. Tun daga nan ba ta sake cin abinci a kwano ɗaya da wani mahaluƙi ba.

Na yi kuka, wallahi, na daɗe ina ganin cin abincinta ita kaɗai kamar ƙyamar mutane ce. Na ce mata Gwaggo, yara nawa baƙon dauro ya ɗauka a Madabo a shekarar, su ma awarwaro aka ba 'yan'uwansu? Rai na Allah ne, ke kika koya mini haka.  Ta ce dai in wani abu ya sami yaran nan, ba za ta ce mini komai ba, ni zan gaya wa kaina.

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye maka ba. Ina jin tsoro. Amma za su je.

Taka har kullum,
Uwani.

*

Madabo, Kano.
10 ga Oktoba, 1999.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yau gaisuwar gajeriya ce.

An yi wasan ƙarshe jiya Asabar. Yara takwas, kowace za ta kara da kowace. Naka biyun sun sha atamfar Hajiya, kai ka ce mutum ɗaya ne a kujera biyu. Hajiya 'Yardada ta rufe rumfa ta zo da ƙawayenta 'yan kasuwa, suka cika benci suna ta tambayar wa ke ci, Malam yana ta roƙonsu su rage murya.

Husaina ta sa kujerarta yadda za ta ba Hassana baya, don kada ta leƙa. Ta yi ta cin wasanninta, sai da Shamsiyya kaɗai suka yi kunnen doki, kuma wannan na gaske ne, yarinyar Faggen nan ba ta wasa ba ce. Hassana ta ci wasu, an ci ta a wasu. Aka zo zagayen ƙarshe makin Husaina da na Shamsiyya ɗaya. Shamsiyya ta gama da tata abokiyar da wuri. Wadda ta rage wa Husaina kuwa ita ce Hassana. Malam ya bayyana mana: in Husaina ta ci, za a sake kara ta da Shamsiyya a fitar da gwana. In ta faɗi ko suka yi kunnen doki, kofi ya tafi Fagge.

Na ga lokacin da abin ya dawo mata. Wasa ya yi nisa, ta ci dokin Hassana, ni da ban iya ba ma na ga baƙaƙen sun ragu. Sai hannunta ya tsaya a sama. Ta daɗe, agogon da ke ƙirga mata lokacin wasa yana tafiya. Ta ɗago ta yi wa Hassana magana a hankali, daga baya na ji cewa kunnen doki ta nema. Hassana ko kallonta ba ta yi ba, ta girgiza kai, ta nuna mata allo da haɓa. Husaina ta share ido da gefen hijabinta, ta ɗauki sarauniyar nan dai, ta ajiye ta inda ya kamata. Hassana ta yi ta kare kanta iya ƙarfinta, ba ta sakar mata komai a banza ba, har wuri ya ƙure. Sannan ta kwantar da sarkinta da kanta, ta miƙa mata hannu, tana murmushin da rabona da shi tun ranar zaure.

Wasan raba gardama da Shamsiyya ban iya kallonsa ba, fita na yi na tsaya a gindin darbejiya ina salati. Guɗar ƙawayen Hajiya ce ta gaya mini. Baban 'yan biyu, 'yarka ta ci. Da Hajiya za ta miƙa mata kofin, Husaina ta sunkuyar da kai kamar mai laifi, Hajiya ta riƙe kofin ta ƙi saki sai da ta ɗago.

Gwaggo ba ta je ba. Da muka shigo ta ga kofi a hannun ɗaya. Ta tashi ta hura wuta da kanta, ita da rabonta da murhu tun bara, ta ɗora tukunyar ruwa ta ja kujera ta zauna tana kallo. Mu duka muka tsaya cirko-cirko. Tukunya ta tafasa. Ta tashi ta bi takalman gidan nan kaf tana zazzagewa, har tsofaffin naka na ƙarƙashin gado, ba ta samu ko kiyashi ba. Sai ta taɓa goshin Hassana, ta taɓa na Husaina, ta ce a zuba wa yara abinci. A kwano ɗaya suka ci, suna faɗa a kan nama.

Yau da safe ma ta sake taɓa goshinsu. Na bar ta.

Matarka,
Uwani.

*

Madabo, Kano.
14 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga maigidana, Baban Hassana da Husaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Takardarka ta iso da albishir ɗin cewa kuna hanya bayan salla. Allah ya kawo ku lafiya, ya sa da rabon mu gana. Na ga inda ka ce dama ka san za ta ci. Na adana takardar, da waccan ta watan Agusta, in ka zo sai mu karanta su tare.

Jiya Husaina ta tafi Kaduna, tare da Malam Abdulhakeem da matarsa, da Shamsiyya wadda Hajiya ta ce ita ma a je da ita ta ga ido. Mun raka su tasha. Husaina ta riƙe hannun Hassana ta taga har mota ta fara tafiya. Tunda na haife su ba su taɓa yini a gari daban-daban ba. Hassana ba za ta iya bi ba ko da an ce ta bi, don Malamarsu ta sa ta a musabaƙar unguwanni ta makon gobe, kuma ta riga ta wuce 'yar'uwarta da izu guda.

Na yi ta ƙarfin hali har muka dawo gida. Da azahar na zuba shinkafa da wake, hannuna ya zuba na mutum biyu yadda ya saba. Hassana ta zauna a tabarma ta sa kwanon a gaba, ta gyara shi, ta ja shi gefe ɗaya kamar mai bar wa wani wuri. Ba ta ci ba. Na ce ta ci, ta ce to, ba ta ci ba. Ni ma sai na fara tambayar kaina ko na yi daidai.

Sai ga Gwaggo ta fito daga ɗaki. Na ɗauka kwanonta ta zo ɗauka, na miƙa mata. Ta wuce ni. Ta ɗauki buta ta wanke hannu, ta dafa bango ta zauna a tabarmar da ƙyar, ta ce, "Takwara, matsa mini." Ta yi bisimilla ta sa hannu a kwanon. Hassana ta kalle ta, ta kalle ni, sannan ita ma ta sa hannu. Suka cinye tas, Gwaggo tana tura mata wake gabanta tana cewa gishiri ya yi kaɗan. Ni ɗakin girki na shige, don kada su ga fuskata.

Ko Husaina ta ci a Kaduna ko ba ta ci ba, zan sanar da kai. Yanzu dai ga saƙon tsaraba. Husaina tana son agogon dara irin mai fuska biyu, in ana samu a inda za ku biyo. Hassana kuma Alƙur'ani take so mai manyan baƙi, da rehal ɗin ɗora shi. Kada ka wahalar da kanka neman iri ɗaya. Gwaggo ce ta ce in rubuta maka haka, tana zaune kusa da ni, ta sa na karanta mata layin don ta tabbatar na rubuta.

Muna gaishe ka, mu duka, har da wadda ba ta nan.

Matarka mai jiranka,
Uwani.